Ma'ajiyar Sunaye Da Mai Masauki: Dabarar Sauƙaƙa Intanet A Makarantun Kudancin Kano

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, wato JAMB, ta mayar da jarrabawarta kacokan bisa kwamfuta. Yin rijista da duba sakamako da neman gurbin karatu duk sun koma kan intanet. Saboda haka ɗalibin da ke Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa ba shi da makawa sai ya yi hulɗa da wannan kafa, kamar yadda takwaransa na birnin Kano yake yi. Sai dai nisan da ke tsakanin waɗannan garuruwa da manyan cibiyoyin sadarwa ya sa kowane sakan na jira yana da tsada, musamman a ɗakin kwamfuta na makaranta, inda ɗalibai da yawa suke rabon layi ɗaya a cikin darasin da bai wuce minti 40 ba.

Idan shafi ya daɗe bai buɗe ba, abin da aka saba ji shi ne "sabis ba ƙarfi". Sau da yawa haka abin yake. Amma akwai wani kaso na wannan jinkiri da yake faruwa tun kafin a soma ɗauko shafin, a daidai lokacin da kwamfuta take tambayar inda shafin yake. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake rage wannan jinkiri ta hanyar ajiye amsoshi a cikin gida, da kuma dalilin da ya sa dabarar takan ci tura idan ba a sasanta ta da manhajojin da ke saita kwamfuta kai tsaye ba.

Suna Da Lamba

Mutum yana riƙe suna cikin sauƙi, ita kuwa kwamfuta lamba take ganewa. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi na lambobi. A tsohon tsari, wanda har yau shi ya fi yawa a ƙasarmu, adireshin lambobi huɗu ne da aka raba da ɗigo, kowace lamba daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.10.5. Idan ɗalibi ya rubuta buk.edu.ng domin ya shiga shafin Jami'ar Bayero, dole ne kwamfutarsa ta fara gano lambar da ke bayan wannan suna, sannan ta iya aika saƙo.

A shekarun 1970, lokacin da na'urorin da ke haɗe da juna a Amurka ba su da yawa, fayil guda ɗaya ake ajiyewa a cibiyar bincike ta Stanford, a ƙarƙashin kulawar wata baiwar Allah mai suna Elizabeth Feinler. Duk sunaye da lambobinsu suna cikin wannan fayil, kowa kuma sai ya riƙa kwafo sabo daga lokaci zuwa lokaci. Da na'urori suka yawaita, sai wannan hanya ta gaza. A shekarar 1983 wani masani mai suna Paul Mockapetris ya fito da tsarin da ake kira DNS a taƙaice, wato tsarin sunayen intanet, wanda aka daɗa inganta shi a 1987, kuma shi ake amfani da shi har yanzu.

Hikimar wannan tsari ita ce raba alhaki hawa-hawa, kamar yadda mulkin gargajiya ya tashi daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. A can sama akwai tushe, wanda ake sanin na'urorinsa da sunaye 13, daga harafin A zuwa M, ko da yake a zahiri kowane suna yana wakiltar na'urori da dama da aka baza a ƙasashen duniya. Tushe bai san lambar Jami'ar Bayero ba, amma ya san wanda ke kula da duk sunan da ya ƙare da ng, wato ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005. Daga nan sai a sauko mataki-mataki har a isa ga na'urar da ke riƙe da amsar ƙarshe.

Tsawon Tafiyar Tambaya

Kwamfutar ɗalibi ba ta yin wannan yawo da kanta. Takan miƙa tambayar ga wata na'ura mai warware sunaye, galibi ta kamfanin da ya ba da layin intanet, ko kuwa ta jama'a kamar 8.8.8.8 da kamfanin Google ya buɗe a 2009, ko 1.1.1.1 ta kamfanin Cloudflare da ta fara aiki a 2018. To, a nan ne nisa yake shigowa.

Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Tsakanin Kano da Legas akwai wajen kilomita 1,000, don haka zuwa da dawowa ba za su gaza milisakan 10 ba, wato kashi 10 cikin 1,000 na sakan. Idan tambayar ta bi wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010 kuma tsawonta ya kai kimanin kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal, sai a ƙara milisakan 70. Wannan lissafin haske ne zalla. A aikace sai an haɗa da jinkirin turken waya da cunkoson layi, waɗanda sukan ninka adadin. Idan kuwa makaranta tana amfani da tsohon samfurin tauraron ɗan'adam, wanda ke tsaye a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, tambaya da amsa za su ratsa wannan tazara sau huɗu, kusan rabin sakan ke nan.

Mai karatu zai iya cewa rabin sakan ai ba wani abu ba ne. Sai dai a tuna cewa shafi ɗaya yakan jawo hotuna da rubutu da tallace-tallace daga sunaye daban-daban. A ɗauka shafin yana buƙatar sunaye 20, a ɗauka kuma aji yana da kwamfuta 40, malami ya ce kowa ya buɗe wannan shafi. Tambayoyi 800 ke nan za su fita ta ƙaramin layi ɗaya, alhali amsoshi 20 kacal ake nema. Bugu da ƙari, idan tambaya ta ɓace a hanya, kamar yadda yakan faru inda sabis yake rawa, kwamfuta mai tsarin Linux bisa al'ada takan jira har sakan 5 kafin ta sake gwadawa. Wannan jira ne yakan sa ɗalibi ya zura wa farin allo ido yana zaton na'ura ta tsaya.

Darasi Daga Madatsar Tiga

Mutanen Bebeji ba baƙi ba ne ga dabarar ajiya. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana tare ruwan Kogin Kano a lokacin damina, sannan a riƙa sakinsa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure a lokacin rani. Manomi ba ya jiran hadari ya haɗu kowace safiya, domin an riga an tara masa abin da yake bukata kusa da shi.

Haka ma'ajiyar sunaye take. Manhaja ce da ake sakawa a cikin kwamfuta ɗaya, ko a wata 'yar ƙaramar na'ura a ɗakin kwamfuta. Ɗalibi na farko da ya nemi wani suna, ita za ta fita ta samo amsa, ta ba shi, ta kuma ajiye kwafi. Sauran ɗalibai 39 za su sami amsar daga cikin ɗaki, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Daga cikin sanannun manhajojin wannan aiki akwai BIND, wadda ta samo asali a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a shekarun 1980, da dnsmasq wadda Simon Kelley ya fitar a 2001, da Unbound ta cibiyar NLnet Labs da ke ƙasar Holan. Dukkansu kyauta ake samun su.

Kamar yadda ruwan da ya daɗe a randa yakan gurɓace, haka amsar da ta daɗe a ajiye takan zama tsohon zance, domin masu shafi suna iya sauya lambarsu. Saboda haka kowace amsa tana zuwa da wa'adinta, wanda mai sunan yake ƙayyadewa da sakan. Idan an rubuta 300, minti 5 ke nan. Idan an rubuta 86,400, yini guda ne cur. Da zarar wa'adi ya cika, sai ma'ajiya ta zubar da amsar ta nemo sabuwa. Har ma amsar "babu wannan suna" ana ajiye ta na ɗan lokaci, don kada kuskuren rubutun ɗalibi ya riƙa fita waje a kai a kai.

Amma akwai sharaɗi babba. Komai cikar Tiga, gonar da ba a haƙa mata magudana ba ba za ta ga ɗigon ruwa ba. Ma'ajiyar sunaye ma ba ta da amfani sai an gaya wa kowace kwamfuta cewa ita za ta riƙa tambaya. Wane ne yake gaya mata? Wannan tambaya ce ta kawo mu ga ɓangare na biyu.

Mai Masauki

A zamanin fatauci, lokacin da Agalawa irin su Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, suke bin hanyar Gwanja neman goro, duk bafataken da ya isa baƙon gari wurin mai masauki yake sauka. Mai masauki ne zai ba shi ɗaki, ya nuna masa hanyar kasuwa, ya kuma gaya masa wanda zai tuntuɓa idan yana neman wani. Ɗakin ba mallakarsa ba ne. Idan ya tashi, wani baƙon za a ba.

A duniyar kwamfuta, tsarin da ke wannan aiki shi ake kira DHCP. An fara bayyana ƙa'idojinsa a 1993, aka sabunta su a 1997 ta hannun Ralph Droms. Kafin zuwansa, sai mutum ya bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya yana rubuta musu lambobi da hannu. Yanzu kuwa da zarar an jona waya ko an kama Wi-Fi, sai a yi musayar saƙonni huɗu. Kwamfuta ta yi sallama tana neman masauki, mai masauki ya yi mata tayi, ta ce ta karɓa, shi kuma ya tabbatar. A cikin wannan tabbatarwa yakan ba ta abubuwa huɗu muhimmai: adireshinta, da adireshin ƙofar fita zuwa waje, da adireshin wanda za ta tambaya game da sunaye, da kuma tsawon wa'adin hayar. Idan rabin wa'adin ya wuce, sai ta koma ta nemi a sabunta.

A yawancin makarantu da shagunan kwamfuta, ƙaramar rauta ko modem ɗin da aka saka wa layin waya ita ce mai masauki. Bisa saitin da ta zo da shi daga kamfani, takan ba da adireshin kanta ko na kamfanin layi a matsayin wurin tambayar sunaye. Ba ta san da zaman wata ma'ajiya da malami ya girka ba.

Inda Saɓani Yake Tasowa

A kwamfutoci masu tsarin Linux akwai wani ɗan fayil mai suna /etc/resolv.conf, wanda a cikinsa ake rubuta adireshin wanda za a tambaya. Bisa al'ada ba ya ɗaukar fiye da adireshi uku, kuma daga na sama ake farawa. Malamin da ya girka ma'ajiya a cikin kwamfutarsa zai buɗe wannan fayil ya rubuta 127.0.0.1, lambar da ma'anarta ita ce "ni kaina". Nan take abubuwa za su yi sauri. Amma da zarar an sake kunna na'urar, ko wa'adin haya ya sabuntu, sai manhajar da ke karɓar saƙon mai masauki ta goge abin da ya rubuta ta mayar da na rauta. Ma'ajiya tana nan tana aiki, amma ba mai zuwa wurinta. Abin da ya sa matsalar take da wuyar ganewa shi ne, babu wani saƙon kuskure da zai fito. Intanet yana nan, sai dai ya koma gidan jiya.

Masu iya magana kan ce, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A Linux na yau manhajoji da dama ne suke ganin wannan fayil hurumin su ne: akwai dhclient, da dhcpcd, da NetworkManager wadda kamfanin Red Hat ya fara a 2004, da resolvconf, da kuma systemd-resolved. Kowacce tana yin aikin da aka ƙirƙire ta dominsa ne, sai dai idan ba a tsara su ba, ta ƙarshe da ta taɓa fayil ɗin ita ke da nasara.

Wasu sukan huce haushinsu ta hanyar kulle fayil ɗin da umarnin chattr +i, ta yadda babu manhajar da za ta iya sauya shi. Wannan maganin yakan haifar da wata cutar. A ɗauka malamin ya tashi daga Tudun Wada ya kai kwamfutarsa wani taron bita a wata jami'a ko otal a Kano. Irin waɗannan wurare sukan sami sunaye na cikin gida waɗanda na'urarsu kaɗai ta sani, wasu kuma ba sa barin tambaya ta fita sai an bi ta shafin shiga tukuna. Ma'ajiyar da ba ta samun labarin sabon masauki za ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta nan, mai ita kuma ya rasa dalilin da ya sa kowa yana kan intanet ban da shi.

Akwai kuma matsalar zagaye. Manhajar dnsmasq ba ta zuwa tushe da kanta. Tana buƙatar wani na gaba da za ta miƙa wa tambaya, kuma bisa al'ada a cikin wancan fayil ɗin take neman adireshinsa. Idan abin da ke ciki 127.0.0.1 ne kaɗai, to ba ta da wanda za ta tambaya sai kanta, sai komai ya tsaya cik. Matsala ta ƙarshe ita ce ta ƙofa. Tambayar sunaye tana bi ta ƙofa mai lamba 53, kuma manhaja biyu ba za su tsaya a ƙofa ɗaya ta adireshi ɗaya ba. A tsarin Ubuntu na shekarun baya-bayan nan, systemd-resolved ta riga ta tsaya a 127.0.0.53, don haka sabuwar ma'ajiya tana iya ƙin tashi idan ba a keɓe mata nata wurin ba.

Yadda Ake Sasanta Su A Kwamfuta Ɗaya

Ƙa'idar sulhu guda ɗaya ce, kuma duk wanda ya riƙe ta ya fahimci maudu'in. Kwamfuta ta riƙa tambayar ma'ajiya, ita kuma ma'ajiya ta riƙa tambayar duk wanda mai masauki ya nuna. Wato saƙon mai masauki ba watsi da shi za a yi ba, juya shi za a yi ya faɗa hannun ma'ajiya.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara duba ko tsarin ya riga ya yi wannan aiki. Inda systemd-resolved take aiki, ita kanta ma'ajiya ce, kuma tana karɓar saƙon mai masauki kai tsaye. Umarnin resolvectl status zai nuna wanda take tambaya. Tsarin Windows ma yana da tasa 'yar ma'ajiyar, wadda ake iya ganin abin da ke cikinta da umarnin ipconfig /displaydns. Inda NetworkManager take jan ragama, rubuta layin dns=dnsmasq a cikin fayil ɗin saitinta ya wadatar: ita za ta tayar da ma'ajiya, ta kuma riƙa sanar da ita duk lokacin da aka sauya masauki. Manhajar resolvconf kuwa aikinta shi ne zama mai shiga tsakani, ta karɓi bayani daga kowane ɓangare, ta rubuta wa kwamfuta nata, ta rubuta wa ma'ajiya nata. Masu amfani da dhclient suna iya rubuta prepend domain-name-servers 127.0.0.1 domin a riƙa sa ma'ajiya a sahun gaba, ko da yake ya kamata a sani cewa cibiyar ISC da ta ƙirƙiri wannan manhaja ta daina kula da ita tun 2022.

Yadda Ake Yi Wa Makaranta Baki Ɗaya

Ribar da ta fi yawa tana samuwa ne idan ma'ajiya ɗaya ta yi wa ɗaki gaba ɗaya hidima. Tsohuwar kwamfuta ta isa, haka ma 'yar ƙaramar na'urar nan Raspberry Pi da ta fito a 2012, wadda wutar da take ci ba ta wuce ta ƙaramin ƙwan fitila ba. Abu na farko shi ne a ba ta adireshi tsayayye wanda ba ya sauyawa, misali 192.168.10.2, domin wanda kowa yake nema bai kamata ya riƙa sauya ɗaki ba.

Daga nan akwai zaɓi biyu. Na farko, a shiga saitin rauta a rubuta wannan adireshi a gurbin DNS na ɓangaren DHCP. Na biyu, idan rautar ba ta ba da wannan dama ba, kamar yadda wasu ƙananan modem suke, sai a kashe aikin masaukinta a damƙa shi ga dnsmasq, wadda ta iya ayyukan biyu a lokaci guda. Layuka kaɗan suka ishe ta:

dhcp-range=192.168.10.50,192.168.10.150,12h
dhcp-option=option:router,192.168.10.1
no-resolv
server=192.168.10.1
cache-size=1000

Layi na farko ya ware adireshi 101 domin baƙi, kowane bisa hayar awa 12. Na biyu ya nuna cewa rauta ce ƙofar fita. Na uku da na huɗu sun hana matsalar zagaye ta hanyar ambaton na gaba ƙarara. Na biyar ya faɗaɗa ma'ajiyar, domin idan ba a faɗa ba sunaye 150 kawai take riƙewa. Wajibi ne a tabbata mai masauki ɗaya ne tak a cikin gidan. Idan aka bar biyu suna aiki, kowace kwamfuta za ta bi wanda ya riga amsa mata, sai a ga wasu suna aiki wasu ba sa yi, gobe kuma abin ya juya.

Wannan haɗi yana da wata fa'ida da ta dace da wurare irin su Riruwai da garuruwan da ke gefen dajin Falgore, inda duwatsu da nisa kan sa sabis ya yi ta ɗaukewa. Tunda manhaja ɗaya ce take raba adireshi take kuma amsa sunaye, ta san sunan kowace na'ura da ke cikin makarantar. Idan aka girka manhajar Kiwix, wadda ke ɗauke da kwafin Wikipedia don karantawa ba tare da intanet ba, ko aka tara tsofaffin tambayoyin jarrabawa a na'ura ɗaya, ana iya ba ta suna kamar laburare.makaranta.internal. A 2024 hukumar ICANN ta keɓe wannan ƙarshen suna na internal domin amfanin cikin gida. Ko layin waje ya yanke, ɗalibai za su ci gaba da karatu.

Iyaka Da Haɗari

Ya kamata a faɗi gaskiya game da abin da ma'ajiya ba ta iyawa. Ba ta ajiye shafi ko bidiyo, adireshi kawai take ajiyewa. Amsar suna ƙarama ce ƙwarai, galibi ba ta kai harafi 512 ba, saboda haka lokaci take ragewa, kuɗin data kuwa kusan yana nan yadda yake. A ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da ACE da MainOne da SAT-3 suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sanin adireshi bai isa ya kai mutum shafin da ke ƙetare ba. Haka nan a ranar 4 ga Oktoba 2021, da na'urorin sunayen Facebook suka ɓace daga intanet na kimanin awa 6, amsoshin da ke ajiye sun ƙare cikin ɗan lokaci.

Na biyu, ajiyar tana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, don haka duk lokacin da wuta ta ɗauke sai a faro daga farko. Mafi muni, idan na'urar ta mutu alhali kowa ya dogara da ita, duk ɗakin zai zama kamar ba intanet. Hanyar kariya ita ce a haɗa ta da rauta a kan batir ko hasken rana ɗaya. Wasu sukan ƙara 8.8.8.8 a matsayin na biyu, amma a lura cewa wasu na'urori suna iya komawa kan na biyun su zauna, shi kuwa bai san sunayen cikin gida ba.

Na uku shi ne tsaro. Wanda ya mallaki amsar suna ya mallaki inda mutum zai nufa. A 2008 wani mai bincike, Dan Kaminsky, ya nuna yadda za a iya cusa wa ma'ajiya amsar ƙarya, ta yadda mai neman shafin banki zai faɗa shafin 'yan damfara. Wannan ya sa aka gyara manhajoji a duk duniya, kuma a 2010 aka fara sa wa tushe hannun tabbatarwa na tsarin DNSSEC. A 2011 hukumar FBI ta Amurka ta tarwatsa gungun da ke bayan ƙwayar cutar DNSChanger, wadda aikinta shi ne sauya adireshin mai amsa sunaye a cikin miliyoyin kwamfutoci. Darasin da ke nan shi ne a riƙa sabunta manhaja, a sauya kalmar sirrin da rauta ta zo da ita, a kuma taƙaita ma'ajiya ga 'yan gida. Ma'ajiyar da aka bari a buɗe ga duk duniya takan zama makami, kamar yadda aka yi amfani da irinsu wajen kai wa ƙungiyar Spamhaus farmaki a 2013.

Har ila yau, tun daga 2018 wayoyin Android da wasu burauzoji suna iya aika tambayarsu a ɓoye zuwa waje kai tsaye, su tsallake duk abin da mai masauki ya faɗa. Idan aka ga wata na'ura ba ta gane sunan laburaren makaranta, to a duba wannan saiti.

Gwaji Domin Aji

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibai wannan darasi a cikin minti 10. A kwamfuta mai Linux da ke amfani da ma'ajiya, a rubuta dig jamb.gov.ng, a lura da adadin milisakan da amsar ta ɗauka da kuma adireshin wanda ya amsa. A sake rubuta umarnin nan take. A karo na biyu lokacin zai faɗo kusa da sifiri, lambar wa'adi kuma za ta ragu da adadin sakan ɗin da suka shige. Ɗalibai su rubuta sakamakon sunaye biyar a jadawali, su kwatanta na safe da na rana. A Windows, umarnin ipconfig /all yana nuna duk abin da mai masauki ya bayar, har da lokacin da haya za ta ƙare. Daga nan sai a cire wayar a mayar, a duba ko adireshin ma'ajiya yana nan. Idan yana nan, sulhu ya tabbata.

Kammalawa

Jawo wayar gilashi daga Kwanar Dangora zuwa Doguwa aiki ne na hukuma da manyan kamfanoni, kuma yana buƙatar kuɗi da lokaci. Tsara abin da ke cikin ɗakin kwamfuta kuwa yana hannun malami da ɗalibansa tun yau. Abin da ake buƙata shi ne tsohuwar na'ura guda, da batir mai riƙe wuta, da fahimtar cewa ma'ajiya da mai masauki dole su san da zaman juna. Muna kira ga ƙungiyoyin kimiyya na makarantun sakandare da su ɗauki wannan a matsayin aikin zango, su auna lokaci kafin girkawa da bayanta, su kuma rubuta saitin da suka yi a littafi domin 'yan bayansu. Allah Ya ba da sa'a.